Sunayen da Ke Ƙarƙashin Benci

A Bracodi, cikin Adjamé ta birnin Abidjan, bayan layin masu sayar da tukwane, akwai wata ƙofa mai shuɗin fenti wadda baƙo zai ɗauka ta sito ce. Da can sito ne kuwa. A nan fataken goro 'yan Nijar suke ajiye huhunansu, har zuwa 1978 da bakwai daga cikinsu suka ga 'ya'yansu na tashi ba karatun addini, ba na boko, ba harshen gida, suka ce a kwashe goron a zuba yara. Makarantar tana da dogon suna na Faransanci da Larabci a saman ƙofa, amma duk Adjamé ba mai kiranta da shi. Lakwal ta 'Yan Goro ake cewa. Ɗaki uku ne, kowane ɗaki aji biyu, sai tsakar gidan da ba ta ɗaukar tabarma goma. Daga nan aka samu likitoci biyu, da ungozoma huɗu, da rabin masu atamfa na kasuwar Adjamé. Malamai sun zo sun tafi. Wanda bai taɓa tafiya ba shi ne kafinta.

Nomau aka sa masa don an haife shi lokacin noma, a wani ƙauye gabas da Madawa. Ya sauka Abidjan a 1973, shekarar da fari ya kashe musu gero da dabbobi, yana ɗan shekara goma sha takwas. Ya yi shekara biyu yana tura wotoro, amalanken dakon kaya, a cikin kasuwa. Wata rana wani kafinta mutumin Togo, mai haɗa akwatuna kusa da tashar jirgin ruwa ta Treichville, ya tsaya yana kallon yadda ya ɗaure hannun wotoronsa da ya tsage da ƙusa uku kacal, ya ce masa ya zo gobe. A wurinsa ya koyi zarto da guduma. Boko kuwa bai taɓa shiga ba. Ajamin da ya taho da shi daga gida shi ne rubutunsa har yau.

Da aka buɗe makarantar ba abin zama. Nomau ya roƙi katakan akwatunan da aka yar, ya ɗora a wotoro, ya turo su daga Treichville ta kan gada har Bracodi, ya haɗa benci shida. A hankali suka kai talatin. Makon farko yara suka yi ta dambe kan wurin zama, har wata ta fasa wa wani leɓe da allo. Sai Nomau ya hura gawayi, ya sa tsinken ƙafar keke a wuta har ya yi ja, ya ƙona sunan kowane yaro a ƙarƙashin benci, daidai inda yake zama, da shekarar shigarsa. Rigima ta mutu. Malam Harisu, malamin farko, ya gindaya sharaɗi ɗaya: kada sunan Allah ya shiga ƙarƙashin abin zama. Shi ya sa duk Abdullahin da ya bi ta makarantar nan, Audu yake a katako.

Daga nan al'ada ta kafu. Yaro ba ya sauya benci. Su biyar ɗin da suka zauna tare ranar farko, su za su ɗauki bencinsu su shiga da shi aji na gaba, shekara shida, sannan ya koma wa sababbi. Da yake yara na girma, Nomau ya yi wa kowane benci ƙafafu kashi uku, gajeru da matsakaita da dogaye, yana sauya su duk shekara biyu. Waɗanda ba a aiki da su yana ajiye su a wani ɗan ɗaki a bayan makaranta, kowace da lambarta, mabuɗin yana aljihunsa. Ranar da yaro ya gama, ya ƙona masa shekara ta biyu kusa da ta farko. Wanda ya maimaita aji kuwa dole ya bar abokansa, a sake ƙona sunansa a wani benci. Tsoron wannan ya sa yara da yawa karatu fiye da tsoron bulala.

Madam Ruƙayya, shugabar makarantar a yanzu, wadda ita ma sunanta na ƙarƙashin benci na bakwai, ta sha cewa, "Baba, yaran zamani ba sa gane rubutun nan naka. Bari a rubuta maka boko ka riƙa bi."

"Ɗiyata, kowa ya san nasa," in ji shi. "Ban taɓa ganin yaron da ya ɓata sunansa ba."

Akwai sunayen da ba su da shekara ta biyu. Wasu iyayensu sun koma gida da su lokacin tashin hankalin ƙasar nan. Wasu Allah ne ya karɓi abinsa. Nomau ba ya sa wani a gurbinsu. Haka wurin yake zama har sauran huɗun su gama.

Afra'u na cikin waɗannan. Ta shiga a 2014, benci na goma sha tara, a bakin gefe ta wajen taga. Ta rasu a watan Mayun 2017, tana aji uku, bayan zazzaɓi na kwana huɗu. Shekararta tara. Mahaifinta, Shamsuddin, malamin lissafi ne a wata sakandare a Treichville. Tun daga shekarar nan, duk Lahadin da ake gobe komawa makaranta, yakan zo da hantsi. Nomau ya fito da benci na goma sha tara tsakar gida, su gaisa, shi ya koma bakin aikinsa ya ba shi baya. Mutumin ya zauna a bakin gefen, ya sa hannu a ƙarƙashi inda haruffan suke, ya yi kamar minti goma sha biyar, ya yi godiya ya tafi. Ba su taɓa shirya haka ba, ba su kuma taɓa yin maganarsa ba.

A 2022 hukumar ilimi ta yarda ta sa makarantar cikin waɗanda ta amince da su, yara su riƙa zana jarrabawa da sunanta. Sai dai an ce dole a samu benci mai haɗe da tebur, don a bisa cinya yara ke rubutu. Nomau bai yi musu ba. Ya fara awon yadda zai ɗora wa tsofaffin tebur, ɗaya bayan ɗaya, ko da yake yanar ido ta fara rage masa gani.

A nan Alhaji Inusa ya shigo. Shi ne shugaban ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, babban ɗan kasuwar atamfa, mutum mai kyauta da saurin yanke shawara. A wurinsa da abokansa, ba abin da ake girmama dattijo da shi kamar sabon kaya. Suka ce tsohon nan ya yi shekara arba'in da huɗu yana facin katakon akwati, lokaci ya yi da zai huta. Suka sa aka ƙera sababbi talatin da biyar masu ƙafar ƙarfe, suka ɓoye masa don abin ya zo masa bagatatan. Ran Laraba Alhaji ya aiko da mota aka kai Nomau asibitin ido, ya ce ya kwanta gida kwana biyu.

Bayan sallar Juma'a Nomau ya kasa haƙuri, ya ce bari ya leƙa ya fara sauya ƙafafu. Ya tura ƙofa mai shuɗin fenti, warin sabon fenti ya buge shi. Ya shiga ɗakin farko, ya shiga na biyu, ya shiga na uku. Ya dawo tsakar gida ya tarar da Madam Ruƙayya tana murmushi. Da ta ga fuskarsa murmushin ya ɗauke.

"Suna ina?"

"Baba, na ɗauka sito za a kai su. Alhaji ya ce shi zai kula da komai."

"Yau Juma'a," in ji shi. Ran Litinin ake komawa makaranta. Ita ma ta san wanda ke zuwa jibi.

Ya ratsa kasuwar da sandarsa, masu wotoro na kauce masa suna gaishe shi. Alhaji Inusa na zaune a shagonsa tsakanin turamen atamfa, ya hango shi ya miƙe da fara'a.

"Baba Nomau! Ka gani? Ƙarfe ne fa, har jikokinmu. Yanzu sai ka ajiye guduma ka riƙe tasbaha."

"Inusa."

Shekara goma sha biyar ke nan ba wanda ya kira shi haka a kasuwa ba tare da Alhaji ba. Masu ciniki suka juyo.

"Ina bencunana?"

"Tsofaffin? Ai sadaka na yi da su. Direbana yana da ɗan garinsu a Belleville mai sayar da garba, abincin nan na rogo da kifi, ya ce itace na yi masa wuya."

"Itace."

"Baba, duk faci ne fa."

"Ranar da aka kawo ka kana kuka, majina har baki, wa ya kwantar da kai ƙasa ya nuna maka sunanka?"

Ba mugunta Alhaji ya yi ba, kuma Nomau ya san haka. Ya manta ne kawai. Mutum yakan ga sunansa a ƙarƙashin benci ranar shiga da ranar fita, sauran shekarun a samansa yake zaune. Alhaji ya ɗauki mabuɗin mota da kansa.

A kan gada suka tarar da cunkoso. Alhaji na ta danna oda yana cewa, "Yako, Baba, yako," kalmar da mutanen Abidjan ke jajanta wa juna da ita. Nomau na kallon ruwa ta taga. Ta nan ya turo katakan nan yana saurayi, ƙafa ba takalmi.

Rumfar garbar tana wani lungu a Belleville: kwanon rufi huɗu a bisa, babban kasko na soya kifi, tulin aceke, turararren garin rogo, a roba, samari na ci tsaye. Tun daga nesa Nomau ya kalli murhun. Wutar na ci da katako mai kauri, ya gane shi.

Mai garbar, Jabiru, bai fi shekara biyu da zuwa daga Nijar ba. Da ya ji abin da ya kawo su, ya ajiye matsamin kifi ya durƙusa.

"Wallahi Baba, uku na fasa. Itace ne mai kyau, ba hayaƙi. Jiya da na sa wa na huɗu gatari sai ya kife, na ga rubutun Larabci tun daga wannan baki har wancan. Na duba sauran, duk haka. Na ce ni ban yi nisa a karatu ba, amma ba zan soya kifi da wannan ba. Wannan da ke wuta ragowar na ukun ne, ban san yadda zan yi da shi ba, ya riga ya kama."

"Sauran fa?"

Jabiru ya nuna sama. A kan rufin ɗakin da ke bayan rumfar ya jera su, rubutun na kallon sama, ya lulluɓe da tamfol don kada ruwa ya taɓa. Ya ce yana jiran Juma'a ta wuce ya nemi malami ya karanta masa ko addu'a ce.

"Addu'a ce," in ji Nomau. "Sauko da su."

Samarin da ke cin garba suka wanke hannu suka kama. Nomau ya durƙusa yana bin lambobi da yatsa, don idon bai gama warkewa ba. Na huɗun da gatari ya taɓa, na ashirin da biyu ne, tsaga ɗaya, abin gyarawa. Alhaji Inusa, cikin shaddarsa, ya tsuguna a ƙasa mai maiƙo yana dubawa.

"Ga ni! Baba, ga ni nan!"

"Ci gaba da nema. Kana da saura biyu."

"Biyu kamar yaya?" in ji wani saurayi.

"Duk tarihin lakwal ɗin nan mutum ɗaya ne ya zauna benci uku. Aji huɗu ya ƙi sakinsa."

Aka fashe da dariya, har Alhajin, yana share ido da hannun riga. Nomau bai yi dariya ba. Ya kai ƙarshen layi, ya dawo ya sake bi. Ashirin da bakwai. Babu na huɗu, babu na goma sha ɗaya, babu na goma sha tara.

Ya tafi bakin murhu ya tona tokar da sandarsa. Ƙusoshi ne kawai, nasa, ya san lanƙwasarsu.

A hanyar dawowa, da kamiyo, babbar motar kaya, na bin su a baya da bencunan, ya gaya wa Alhaji labarin mutumin da ke zuwa ran Lahadi. Da suka hau gada Alhaji ya ce a hankali, "Baba, kana da tsohon katako a ɗakinka. Ka san sunayen da ka. Gobe ka haɗa wani, ka goga masa ƙasa da mai. Da hannu yake taɓawa, ba zai gane ba. Me ya sa za mu sake ƙona masa zuciya?"

Nomau ya san zai iya, kwana ɗaya ya ishe shi. Ya ma fara ganin katakon da zai ɗauka.

"Shekara biyar yana sa hannu a wurin da ɗiyarsa ta zauna," in ji shi. "In na ba shi wurin da ba ta zauna ba, zai yi ta zuwa har ya tsufa yana taɓa ƙaryata. Kuma ni zan riƙa ba shi baya ina sani."

Ran Asabar ya buɗe ɗan ɗakinsa na baya. Yaran da ke kan benci na goma sha tara a lokacin za su shiga aji uku ne, don haka matsakaitan ƙafafunsa ya yi niyyar sa masa a makon nan, suna nan a ɗaure da igiya. Ya kwance su. A jikin ta bakin gefe akwai wani ɗan guntun tayar mota, faɗin tafin hannu, an kafe shi da ƙusa huɗu. Ya zauna a ƙasa yana riƙe da ita, ya tuna.

Ran Lahadi da hantsi Shamsuddin ya shigo. Bencuna ashirin da bakwai na jere, wasu bisa wasu, a jikin bangon tsakar gida, ƙarƙashin rumfar da Alhaji ya sa aka kafa jiya, don iyaye su riƙa zama. A tsakiya kuma ga wani, katakonsa fari sabo, ƙafafunsa baƙaƙe. Suka gaisa. Wannan karon Nomau bai juya baya ba.

"Malam, na goma sha tara ya ƙone. Ba ni nan aka fitar da shi, amma amanata ce. Ka yafe mini."

Ya faɗa masa yadda aka yi, bai rage ba bai ƙara ba. Shamsuddin ya saurara yana tsaye. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri." Ya yi kamar zai juya.

"Saman sabo ne, ba zan ɓoye maka ba. Amma ƙafafun nan su ne a ƙarƙashinta tana aji uku. Zo ka ga."

Ya nuna masa guntun tayar. A tsakiyarsa robar ta lotsa, ta yi santsi.

"In an ba su lissafi, ba ta iya tunani sai tana dukan ƙafar benci da dunduniya. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Malaminsu ya yi faɗa har ya gaji, ya zo ya ce in raba ta da bakin gefe. Na ce a'a, wurinta ne. Na kafa mata wannan don a daina ji. Da ta gani sai ta ce mini, Baba Kafinta, yanzu ai ya fi daɗin duka. Bayanta ba wanda ya zauna nan da waɗannan ƙafafun. Wannan ramin ita kaɗai ta yi shi."

Shamsuddin ya durƙusa. Bai san da wannan ba. A gida tana yin lissafinta ne a kan tabarma, ƙafa a miƙe. Ya sa babban yatsa a cikin lotsawar, ya daɗe haka. Nomau ya koma wajen gawayinsa.

Da tsinken ya yi ja, ya kwantar da bencin bisa gefensa ya fara daga farko, daga 1984, yana kiran kowane suna a fili kafin ya ƙona, biyar biyar. Sau biyu ya tsaya ya rufe ido kafin sunan ya zo. Da ya iso 2014 ya ɗaga kai.

"In sa?"

"Sa, Baba."

Ya ƙona sunan, ya ƙona shekara ɗaya, ya bar gurbin ta biyu yadda yake a da.

Na huɗu da na goma sha ɗaya sun ɗauke shi wata biyu, don akwai sunayen da suka kuɓuce masa. Alhaji Inusa ya bi shago shago yana tambaya, ya yi waya har Maraɗi da Kano, sai da suka cika. Sababbin masu ƙafar ƙarfe suna cikin azuzuwa, katakonsu siriri ne, dole Nomau ya sassauta hannu don kada tsinke ya huda. Ya koya wa Madam Ruƙayya riƙe shi, da sharaɗin ajami za ta yi.

Yana nan har yanzu, shekararsa ta haura sittin da tara, ido ɗaya ya gyaru. Duk Lahadin da ake gobe komawa makaranta, yakan ja benci na goma sha tara daga jikin bango ya kawo tsakiya. Mutumin ya zo da hantsi, su gaisa. Ya zauna a bakin gefe, ya sa hannu a ƙarƙashi, sannan ya sunkuya ya taɓa robar. Wani lokaci, kafin ya tashi, yakan ce, "Baba, me kuma ka tuna?" Nomau ya ajiye zarto, ya zo ya zauna a ɗaya gefen.